Littattafai Uku a Teburin Kicin

Yara sun yi barci. Saura ni da agogo
da littattafai ukun da aka ajiye mana a bakin ƙofa,
dusar ƙanƙara ta jiƙa gefen kwalin.
A Nebraska, in dare ya raba a watan Janairu,
har numfashin firij kana ji.

Na farko ja ne, mai nauyin bulo.
Shi ba ya wasa da yaro:
haddace, maimaita, sake haddacewa,
jadawali bayan jadawali kamar kunyoyin masara,
sai an yi wata shida a ba ka jimla guda ka lasa.
Matar Oberholt ta rantse da shi.
'Ya'yanta biyar suna rera ƙarshen kalmomi a mota
tun daga gida har coci.
Amma na ga idon autarsu.

Na biyu ba fassara ko ɗaya a cikinsa.
Jefa yaro a kogi, in ji shi, zai iya iyo.
Kuɗinsa, in an haɗa da faifai da jagoran malami,
abincin kajinmu ne na wata biyu.

Na uku gwanjo ne, dala huɗu,
yana warin ɗakin ajiya.
Wani yaro mai suna Merle
ya yi wa sojan shafi na sha ɗaya gashin baki da biro.

Ga kuma rigimar furuci:
irin na coci, ko irin wanda masana suka ce
shi mutanen Rum suka yi a kasuwa?
Harafi ɗaya, murya biyu,
masu harshen kuwa duk sun riga mu gidan gaskiya,
ba wanda za a je a tambaya.

Gerrit ya ce, yana ɗaure takalmi,
“Me ya hana Sifaniyanci?
Shi ko a layin banki za su ji.”
Ban da amsa. Ya fita wurin shanu.

Abin da ban faɗa ba a taron iyaye shi ne:
ni ma ban iya Latin ba.
Kalmomi huɗu ne a dutsen kabarin kakana.
Shekara talatin ina kai furanni
ina tsayawa gabansu kamar baƙuwa.
Makauniya ce za ta ja gora.

Da safe na baje su tsakanin madara da burodi.
Petra ta wawuri jan, ita dama doka ce abincinta.
Linus ya ce, “Da wa za mu yi hira da shi?”
ya koma kan ƙwansa.
Ansel, wanda haruffa ke yi wa gardama,
b ta juya masa baya ta zama d,
wanda littafi ke sa cikinsa ciwo,
shi ya jawo tsohon, don gashin bakin nan.
Ya ɗora yatsa a layin farko,
a hankali, kamar mai tafiya kan santsi:
agricola aquam amat.

Na leƙa bayan littafin a sace.
Na ce, “Manomi yana son ruwa.”

Ya dubi taga. Can ga ubansa da gatari
yana fasa ƙanƙarar kwamin shanu,
mutumin da ya kwashe daminar bara
yana kallon sama, sama tana kallonsa.
“Ai Baba ne,” in ji Ansel,
ya yi dariya har madara ta sarƙe shi.
Sannan, ba wanda ya sa shi,
ya sauke yatsa zuwa layi na biyu.

Na mayar da mai tsadar.
Jan yana ƙarƙashin filon Petra, na yi kamar ban gani ba.
Furuci kuwa, mu yi yadda bakinmu ya iya.

Yanzu dare ne kuma, ni da agogo da Merle.
Shafi ɗaya tak nake gaba da su.
In ƙanƙara ta narke, hanyar maƙabarta ta bushe,
za mu je mu huɗu, da fensir.